Jirgin Ruwa a Bayan Raƙumi

Matafiyin da ya bar Kano ya kama hanyar Maiduguri, bayan tafiyar kilomita 40 da 'yan kai zai hau gadar Wudil. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar na kogin Kano ne da na Challawa, waɗanda suka haɗe kafin su iso garin. Daga nan sukan miƙa gabas da sunan kogin Haɗeja, su ratsa fadamun Nguru, su shiga Komadugu Yobe, ita kuma ta nufi Tafkin Cadi. A bakin kogin akwai kwale-kwalen masunta da na masu haƙar yashi, waɗanda ake tuƙawa da gora da filafili kamar yadda aka gada. Ranar Juma'a kuwa hankalin gari yakan koma kara, inda ake loda shanu a tireloli zuwa kasuwannin kudu.

Duk falken shanu ya san cewa kuɗin sa a Legas ya rataya ne a kan yadda ya isa can. Sa mai ƙiba da ya rame a hanya, ko ya karye wajen saukewa, ya tashi daga dukiya ya koma asara. Wannan ilimi na kai abu mai daraja wuri mai nisa ba tare da ya nakasa ba, shi ne ƙashin bayan ɗaya daga cikin wasanni mafi tsada a duniya, wato tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska. Irin wannan jirgi ba shi da injin da ke tura shi a lokacin tsere. Yana da dogon jigo a tsaye, an ɗaura masa manyan ƙyallaye, iska ta cika su ta kora jirgin. Mutanen Wudil suna da tazarar kilomita kusan 1,000 daga teku, amma tarihin wannan wasa ya taɓa ratsa yankinsu, kuma akwai abin da ya shafi rayukan masu hawa kwale-kwale a cikinsa.

Jirage biyu a damina ɗaya

A watan Maris na 1850 wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus da ayarin raƙuma: James Richardson, ɗan Ingila, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa da Barno suka sani da Abdulkarim. Cikin kayansu akwai wani abu da ya ba 'yan rakiya mamaki, jirgin ruwa na katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka yanka shi gunduwa-gunduwa domin raƙuma su iya ɗauka. Jirgin ya bi su ta Murzuk, ya bi ta Gat, ya ratsa duwatsun Abzin, ya sauko Damargu. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa, birnin Shehu Umar. Barth ya biyo ta Katsina da Kano, Overweg ya bi ta Gobir da Maraɗi, suka sake haɗuwa a Kukawa. A can aka harhaɗa gunduwoyin jirgin, aka toshe kafofinsa, aka sa masa sunan ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, Lord Palmerston. Da daminar 1851 Overweg ya shiga Tafkin Cadi da shi, ya yi makonni yana yawo tsakanin tsibiran Buduma. Jirgin ya shafe fiye da shekara guda a kan tudu kafin ya taɓa ruwan da aka ƙera shi dominsa. Shi kuwa Overweg bai koma gida ba, a bakin tafkin ya rasu a 1852.

A daidai wannan damina, wani jirgi mai jigo biyu, mai tsawon kimanin mita 30, ya tashi daga New York ya ƙetare Tekun Atlantika. Sunansa America. George Steers ne ya tsara shi, wasu attajirai kuma ƙarƙashin jagorancin John Cox Stevens suka biya kuɗin ƙira, da nufin su nuna wa Ingilishi cewa maƙeran Amurka ma sun iya. Jirgin ya fara tsayawa a Le Havre ta Faransa, aka gyara shi aka yi masa fenti, sannan ya ƙarasa Cowes. Ranar 22 ga Agusta 1851 ya shiga tseren zagaye tsibirin Wight tare da jiragen ƙungiyar Royal Yacht Squadron, a gaban Sarauniya Victoria, ya riga su duka isowa. Ladan nasara kofin azurfa ne na fam 100. A 1857 masu jirgin suka miƙa kofin ga ƙungiyar New York Yacht Club, da sharaɗin ya zama abin takara tsakanin ƙasashe har abada. Sunan jirgin ne ya bi kofin, shi ya sa ake kiransa Kofin America. Ya girmi gasar Olamfik ta zamani da shekara 45.

Tsakanin jiragen nan biyu akwai bambanci guda da ya zama tushen duk abin da ya biyo baya. Na Overweg ɗauko shi aka yi, na Stevens kuwa da ƙafarsa ya je. Shekara ɗari da suka biyo baya an kwashe su ana gardama a kan wanne ne ya halatta ga jirgin tsere.

Alfadarai a bakin magudana

Mai neman kofi na farko ya zo ne daga Ingila a 1870, ya sha kaye. A 1881 wata ƙungiya daga garin Belleville na Kanada, a bakin Tafkin Ontariyo, ta aiko da jirgi mai suna Atalanta. Kuɗi sun yi wa masu shi ƙaranci, lokaci ya ƙure, jirgin bai gama ƙeruwa ba. Maimakon su zagaya ta teku, sai suka bi magudanar Erie, wadda aka haƙa domin jiragen kaya, alfadarai suna jan jirgin daga gaɓa da igiya. Ya iso New York a makare, ya kuma sha kaye mummuna. Attajiran New York suka ga an zubar wa kofinsu da daraja. Suka mayar da takardar kyautar ga George Schuyler, wanda shi kaɗai ya rage cikin masu jirgin America, ya sake rubuta ta a 1882. Sabuwar takarda ta ƙara sharuɗɗa biyu: ƙungiyar da za ta nemi kofi tilas ta zama mai gudanar da tserenta a teku, kuma jirgin mai nema tilas ya zo wurin gasa da kansa, a kan ruwa.

A ido sharaɗi ne na mutunci, domin ya hana kawo tarkace. A aikace kuwa ya zama katanga. Jirgin da zai ƙetare Atlantika sai an yi masa haƙarƙari masu kauri da gangar jiki mai jure dukan igiyar ruwa, ƙarfi kuwa nauyi ne, nauyi kuma shi ne abokin gabar gudu. Mai riƙe da kofi ba shi da wannan larura. Zai iya ƙera jirgi mara nauyi, wanda aikinsa kawai ya yi gudu na 'yan kwanaki a bakin gaɓar gida. Misali mafi girma shi ne Reliance, wanda Nathanael Herreshoff ya tsara domin gasar 1903. Faɗin ƙyallayensa ya kai murabba'in mita 1,500, mutum 64 ke sarrafa shi, kuma kakar tsere ɗaya tak ya yi a duniya. Masu sukuwa a Kano da Katsina za su gane wannan rashin daidaito nan take. Babu mai hawa dokin tsere daga Barno zuwa Kano sannan ya sa shi a fili da dokin da ya kwana a bargarsa.

Mai shayi da jiragensa biyar

Sunan da ke rubuce a jikin kwalin ganyen shayi a teburin kowane mai shayi a Wudil, sunan mutumin da ya fi kowa shan wahalar wannan sharaɗi ne. Thomas Lipton ɗan talakawa ne, an haife shi a Glasgow, iyayensa 'yan Ayalan, ya tara dukiya da kantunan kayan masarufi kafin ya shiga cinikin shayi. Sau biyar ya nemi kofin, a 1899, 1901, 1903, 1920 da 1930, kowane jirgi da sunan Shamrock. Kafin ƙetare teku sai a sauke dogon jigon tsere a sa gajere, a tokare cikin jirgi da itatuwa na wucin gadi, wani lokaci kuma jirginsa mai tururi, Erin, ya ja shi da igiya. In an isa Amurka sai a kwance wannan duka a mayar da jirgin siffarsa ta tsere.

Shamrock na huɗu ya fi sauran ganin ta kansa. Yana tsakiyar teku a watan Agusta na 1914 aka soma Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya fake a Bamuda, ya lallaɓa zuwa New York, aka ajiye shi a kan tudu shekara shida. Da aka yi gasar a 1920 ya ci zagaye biyu na farko, sannan aka cinye shi uku a jere. Lipton bai taɓa ɗaukar kofin ba. Amurkawa sun so shi saboda yadda yake karɓar kaye da fara'a, har suka yi karo-karo suka ba shi wani kofi na zinariya bayan gasar 1930, shayinsa kuma ya samu kasuwa a ƙasarsu. Ya rasu a 1931. Shi ne ya fara nuna wa 'yan kasuwa cewa jirgin tsere allon talla ne, ko ya ci ko bai ci ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu babu mai kuɗin ƙera irin waɗancan ƙattin jirage. A 1956 wata kotu a New York ta amince a gyara takardar kyautar, aka rage tsawon jirgin da za a iya shiga da shi, aka kuma soke sharaɗin zuwa da ƙafa. Daga gasar 1958 aka soma ɗora jirgin mai nema a kan jirgin dakon kaya. Duk da haka sai da aka ƙara shekara 25 kafin katangar ta faɗi. Ranar 26 ga Satumba 1983, a Newport, jirgin Australia II ya doke na Amurka da ci 4 da 3, bayan kofin ya shekara 132 a hannun Amurkawa. Mai tsara jirgin, Ben Lexcen, ya yi wa nauyin darmar da ke rataye a ƙarƙashinsa wasu fukafukai biyu. Duk lokacin da aka ɗaga jirgin daga ruwa sai a lulluɓe ƙasansa da tamfol, kada idon abokan hamayya ya gani. Jirgin da aka tilasta wa ƙetare teku daga Ostireliya da ƙafarsa da wuya a yi masa irin wannan kasada ta ƙira.

Sana'ar dakon jirgi

Tun daga lokacin dakon jiragen tsere ya zama sana'a mai zaman kanta. Jirgin zamani da zaren kabon ake yin jikinsa, bangonsa siriri ne, an lissafa shi ne domin ya jure matsin ruwa da jan iska ta fuskokin da aka tsara. In aka ɗaure shi da igiya a gurbin da bai dace ba, ko aka jingina shi a kan ƙarfe mai tsini, zai iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Shi ya sa kowane jirgi yake da mazauninsa na ƙarfe da aka ƙera daidai da siffar cikinsa. Jigo kuma a kan nasa gadon yake tafiya, domin ya fi jirgin tsawo.

Hanyoyin dakon sun bambanta gwargwadon gaggawa da aljihu. Akwai manyan jirage da ke shan ruwa da gangan har doronsu ya nutse, ƙananan jirage su shigo suna iyo, masu ninƙaya su kafa musu matokara a ƙasa, sannan a zuƙe ruwan jirgin ya taso da kayansa. Da irinsu ake kai jiragen attajirai cin rani, su yi bazarar Turai a Bahar Rum, in sanyi ya shigo a kwashe su zuwa tsibiran Karebiyan. Akwai kuma hanyar sama. A 2020, gabanin gasar Auckland ta New Zealand, ƙungiyoyin Ingila da Italiya da Amurka sun tura sababbin jiragensu ne a cikin ƙaton jirgin saman kaya samfurin Antonov, domin makonnin da za a ɓata a teku sun fi kuɗin jirgin sama tsada a wurinsu. Gasar SailGP, wadda aka fara a 2019, ta bi hanyar Overweg: jiragenta an ƙera su ne yadda za a warware su, a zuba a kwantena, a harhaɗa a birni na gaba.

Labarin Suwizalan ya fi dacewa da wanda ke zaune nesa da teku. Ƙasar ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, amma a 2003 ƙungiyar Alinghi, ta attajiri Ernesto Bertarelli, ta je Auckland ta ɗauko kofin da ci 5 da nema. Da lokacin kare shi ya zo sai da suka ari tekun Valencia ta Sifen, inda a 2007 Afirka ta fara shiga gasar ta hannun ƙungiyar Shosholoza ta Afirka ta Kudu. A 2009 Alinghi ta ƙera wani ƙaton jirgi mai gangar jiki biyu a bakin Tafkin Janeba. Faɗinsa ya fi ƙarfin kowane titi, sai aka ɗauko jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-26 na Rasha, ya rataye shi ya tsallaka da shi duwatsun Alps zuwa Genoa. Bayan duk wannan ɗawainiya, a watan Fabrairu na 2010 jirgin Amurkawa ya cinye shi 2 da nema.

Tsaro ma yana shiga lissafi, kamar yadda yake shiga lissafin direban tirela. A tseren zagaye duniya na Volvo na 2011 zuwa 2012, saboda 'yan fashin teku na gaɓar Somaliya, jiragen da suka taso daga Cape Town sun tsaya a wata tasha da aka ɓoye sunanta, wadda daga baya aka bayyana Malé ce ta Maldibis. A can aka ɗora su a jirgin kaya mai masu gadi, aka sauke su kusa da Sharjah, suka ƙarasa tseren zuwa Abu Dhabi. Haɗari kuma bai fi yawa a tsakiyar teku ba. A ƙarshen Agusta na 2024, a Barcelona, injin ɗaga kaya ya saki jirgin New Zealand mai suna Taihoro ya faɗo kan mazauninsa. Maƙeran ƙungiyar suka kwana suna aiki, jirgin ya koma ruwa cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba kuma ya doke na Ingila da ci 7 da 2. Jiragen wannan zamani tsawonsu ƙafa 75 ne, suna tashi sama da ruwa a kan fukafukai, gudunsu yakan haura kilomita 90 a awa da iska kaɗai.

Kogin da ya riga kowa

Mai karatu zai iya cewa wannan duka sharholiyar attajirai ce, kuma yana da hujja, domin kuɗin da ƙungiya ɗaya ke kashewa a neman Kofin America yakan haura dala miliyan 100. Amma ƙirar jirgin ruwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani itace mai tauri. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi daga itace guda, baki da wutsiya a fiƙe. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka. An same shi ne a kwarin Komadugu Gana, wadda ita ma Yobe take zuba wa ruwa, wato dangin ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil.

Turawan da suka biyo bayan Overweg sun ci gaba da ɗauko nasu jiragen a ka. Bafaranshe Émile Gentil ya sa an yi dakon jirgi mai tururi gunduwa-gunduwa daga kwarin Kwango zuwa kogin Shari, ya isa Tafkin Cadi a 1897, shekara uku kafin Faransawa su kashe Rabeh a Kusuri. A 1904 ayarin Boyd Alexander ya hauro Kwara da Binuwai da jiragen ƙarfe biyu masu warwaruwa, 'yan dako suka ɗauke su a kan tudu zuwa Yobe. A wancan zamani jirgin da aka iya ɗaukowa daga nesa alama ce ta wanda zai mallaki ruwan.

Tsere ma ba baƙo ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Kabi domin rufe babin tsohuwar gaba, yana da tseren kwale-kwale da ninƙaya da sauran wasannin kabanci a kogin Matan Fada. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yauri tana da bikin Rigata a kan Kwara, Fategi ma tana da nata tun farkon shekarun 1950. Abin da ya sa ƙyallen iska bai kama ƙasa a kogunan ƙasar Hausa ba a fili yake. Kogi ne mai cika da damina ya janye da rani, ga tsibiran yashi, ga rashin zurfi, gora ta fi jigo amfani a irinsa. Sai dai ruwan ya sauya. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974, ta tara tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 170, Challawa ta biyo baya a 1992, ga Watari da Bagauda da sauransu. Jihar Kano yanzu tana da ruwa mai faɗi da zurfi, mai tada igiya in iska ta kaɗa, amma kwale-kwalen da ke yawo a kansa har yau na kogi ne.

Layin da ba a shata ba

Ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Wata shida kafin haka, a watan Mayu, wani jirgi ya tarwatse a kan Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi da mutane fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A duka biyun abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da kima. Allah ya jiƙansu.

Ƙasashen da ke tseren jirage su ma sun binne mutanensu kafin su koyi darasi. A Ingila masu jiragen kaya sun daɗe suna yi musu lodin ganganci, ma'aikata suna halaka, har ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya matsa aka yi dokar 1876, wadda ta kawo layin da ake shatawa a jikin jirgi. In ruwa ya haura layin, lodi ya wuce kima, kuma ko wanda bai yi makaranta ba zai gani daga gaɓa. A tseren Fastnet na 1979 jirage 303 suka fita, guguwa ta same su, 'yan tsere 15 suka mutu. Aka yi bincike, aka wallafa sakamakonsa, aka tsananta sharuɗɗan ƙira da kayan ceto da ƙwarewar da ake nema kafin a bar mutum ya shiga. A duniyar tsere babu jirgin da ke shiga ruwa sai mai awo ya auna shi ya sa hannu. Masu jirage suna miƙa wuya ga awon ne domin in ba shi babu shiga gasa, in ba gasa kuma babu suna.

Wannan ita ce fa'idar da gasa ke da ita wadda sanarwar hukuma ba ta da ita. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowane mashigi daga Bagwai zuwa Haɗeja. Sarkin ruwa kuwa yana nan, ya san kowane jirgi da mai shi, ya san wanda ya ruɓe. Tseren shekara-shekara a Wudil ko Tiga, wanda sharaɗin shigarsa shi ne a auna kwale-kwale, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, a shata masa layi da fenti, kowane matuƙi kuma ya sa rigar hana nutsewa, zai mayar da abin da ake gani kamar takurar gwamnati abin alfahari. Zai kuma fito da sunan maƙeri. Duniya ta san Steers da Herreshoff da Lexcen saboda jiragensu sun yi takara a bainar jama'a. Kafintan da ke harhaɗa kwale-kwale a bakin kogin Wudil, da katakon da aka yi dakonsa daga dazuzzukan kudu, ba shi da dandalin da za a gwada aikinsa da na takwaransa na Yauri, balle a san wanne ya fi jure igiyar ruwa.

Ba sai an jira Antonov ba. Yawancin gwanayen tseren duniya sun fara ne da wani ɗan jirgi mai suna Optimist, wanda Clark Mills ya tsara a Florida a 1947 domin yara. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, da falankin filawud ake yin sa, ƙyallensa ɗaya, kuma a-kori-kura za ta ɗauki fiye da ɗaya. Yaron da ya koyi tuƙa shi yakan fara ne da koyon iyo, da yadda ake tayar da jirgi in ya kife. Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, da ɗalibai masu neman aikin kammala digiri. Lissafin nauyin da kwale-kwale mai tsawo kaza da faɗi kaza zai ɗauka kafin ya yi haɗari bai fi ƙarfin ɗalibin injiniya na aji uku ba, kuma kogin yana kusa da ajinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan kullum, a kan ruwan Tiga da ba a taɓa neman wani amfani da iskarsa ba. Gasar Kofin America ta gaba a Naples ta Italiya za a yi ta a 2027, kuma tun yanzu masu ita sun san nauyin kowane jirgi da wanda zai ɗauke shi. Jiragen fito na Bagwai da Wudil za su ɗauki yara da 'yan kasuwa a damina mai zuwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.